Sista Rakiya, Mai Ƙwace Madubi

Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa daga gida, farar rigar aiki a ƙarƙashin hijabi, lema a hannu ko da babu alamar hadari. Daga lungunsu zuwa ƙaramin asibitin unguwa da ke cikin Tudun Wada tafiyar minti goma sha biyar ce ga kowa, amma Sista Rakiya Gwadabe sai ta ci minti arba'in, don Allah bai yi ta da iya wuce fuska ba. Za ka ce mata ina kwana, bakinta ya amsa maka da lafiya lau, idonta kuwa yana can kan goshinka yana nasa aikin. Ishatu mai ƙosai ta bakin titi ta fi kowa shan wannan kallo.

"Ishatu, kin matse shi."

"Wallahi Sista da kansa ya fashe."

"Da kansa, farcenki yana taya shi. Zuba mini ƙosai, kuma ki bar haɓar nan ta huta."

Shekara talatin da biyar tana wannan tafiya. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, kuma tunda babu wanda zai kira ta Abuja ya rataya mata lambar yabo, mu da muka ci moriyarta muka ga bai kamata a yi shiru ba.

A takarda, aikinta wankin ciwo ne da allura. Ɗakinta shi ne na ƙarshe, kusa da famfo, kuma babu abin da aka rubuta a ƙofarsa. Mutanen unguwa ne suka raɗa masa ɗakin fuska, domin duk wanda ƙuraje suka dama, ko makero ya zana masa da'ira a kumatu, ko ƙyasbi ya yi masa dabbare-dabbare, can yake nufa. Ita ba likitar fata ba ce, kuma ita take fara gaya maka haka. Abin da ya fi ƙarfinta takan rubuta takarda ta tura ka babban asibitin Shika, sannan ta bi ka da cigiya ta bakin maƙwabta har sai ta ji ka je. Amma a ganinta, yawancin abin da ke damun fuskokinmu ba da ƙafarsa ya zo ba, mu muke zuwa kasuwa mu sayo shi.

Shi ya sa dokarta ta farko ita ce leda. Ba ta duba ka sai ka koma gida ka kwaso duk abin da ke taɓa fuskarka: sabulu, man shafawa, hoda, soso, tawul, har man kitso. Ta zazzage su a kan tiren silba, ta sa tabarau, ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Tiren nan ya ga duniya. Ya ga man goge baki da wata ɗalibar jami'a daga Kongo take ɗigawa kan ƙuraje har ya ƙona mata fata. Ya ga lemun tsami da kanwa, ya ga sabulun wankin kaya, ya ga dutsen goge kaushi. Wani bawan Allah daga Gyallesu, magidanci da furfurarsa, ya zo da man birkin mota da yake shafa wa makero. Sista ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau, sannan ta tambaye shi ko matarsa ta san yana yin haka. Ya ce ita ta hana, ya ƙi ji.

In ta gama warewa, da wuya abin da ta bar maka ya wuce uku. Nasiharta kuwa yaran unguwa ma sun haddace. Fuska ba gindin tukunya ba ce, ba a kankare ta. A wanke ta safe da yamma da tafin hannu da sabulu marar ƙarfi, a tsane ta da tawul ɗin da ba a haɗa shi da kowa. Kada a kwana da hoda. Kada a matse ƙurji, domin shi kwana biyar yake yi ya tafi, amma tabon da farce ya bari sai ya yi wata shida. Mata kuma tana yawan kama su da laifi ɗaya: a wanke fuska tas, a mayar da hijabin da bakinsa ya sha gumi da man kitso kwana huɗu, sannan a zo ana mamakin ƙurajen goshi da haɓa.

Labaran mai aski yana ba da nasa labarin da kansa, yana dariya. Wata shekara Sista ta lura yaran da ake kawo mata da makero duk askinsu iri ɗaya ne. Ba ta faɗa wa iyaye ba, ba ta ɓata masa suna ba. Ta jira tsakar rana, lokacin da shagon ba kowa, ta shiga ta zauna a kujerar aski ta ce ya nuna mata yadda yake goge injinsa. Ya hura masa iska da baki, ya karkaɗe. Ta ce to, yau za a yi karatu. Har gobe Labaran a gaban idonka yake wanke inji da magani kafin ya taɓa ka, kuma in kana da ƙurajen aski a wuya ba zai yarda ya yi maka ƙwal ba ko za ka yi fushi. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka yi fushin, wuyansa kuma ya warke.

Doka ta biyu ita ta ja mata suna. Maganin ƙuraje yana son mako shida ko takwas kafin a ga aikinsa, mai madubi a jaka kuwa kwana uku yake ba shi. Ya duba da safe, ya duba da hantsi, ya taɓa, ya matse, ya ce maganin ba ya ci, ya koma wa na maƙwabciya. Da Sista ta gane haka sai ta fara karɓe madubin. Ta manna masa filasta, ta rubuta sunanka, ta jefa shi durowar teburinta. Babban madubin ɗaki ta ce a rufe shi da zane. Waya ce dai ta gagare ta ƙwacewa, sai dai ta sa ka yi alkawari, kuma mutane sun fi tsoron karya alkawarin Sista fiye da allurarta.

A cikin duk madubin da suka kwana a durowar nan, na Bahijja aka fi ba da labari, kuma da izininta muke maimaita shi.

Bahijja tela ce, shagonta yana Tudun Jukun. Mahaifiyarta Sumaiya ta rasu ta bar ta tana da shekara tara, ƙanwar mahaifiyar, Inna Hanifa, ita ta riƙe ta. Inna Hanifa mai gyaran jikin amare ce, kuma ba ƙarama ba: dilkarta, halawarta da turarenta har daga cikin birni ake zuwa nema. Tana son Bahijja son da ba ya jin shawara. Da aka fara maganar auren yarinyar da Yusha'u mai gyaran keken ɗinki, wanda suka yi shekara uku suna tare, sai Inna ta ƙudurta cewa 'yar mai gyaran jiki ba za ta fito kamar sauran amare ba. Ta samo mata wani haɗin mai a farar roba, babu suna babu rubutu, daga wajen wata mai sayarwa da aka ce hannunta yana da kyau.

Watannin farko abin ya yi daɗi. Fuska ta yi haske, masu kawo ɗinki suna ta cewa amarci ya fara tun ba a ɗaura ba. A wata na takwas labari ya canza. Kumatu suka yi ja, ƙananan ƙuraje suka fito reras duk girmansu ɗaya, jijiyoyi sirara suka bayyana a ƙarƙashin fata, rana in ta taɓa ta kamar an watsa barkono. In ta daina shafawa kwana biyu fuskar ta kumbura ta hau ƙaiƙayi, dole ta koma. Ranar da ta shigo ɗakin fuska da niƙabi, saura mako goma biki.

Sista ta san Sumaiya, aji ɗaya suka yi a firamare. Baƙa ce mai sheƙi, irin wadda atamfa kowace iri take karɓa. Da Bahijja ta ɗaga niƙabi, Sista ta ga goshin ƙawarta, ta ga hancinta, amma ba ta ga launinta ba. Abin ya soke ta a zuci. Ta miƙa hannu ta ce, "Ina ledar?"

Ta buɗe farar robar, ta shinshina, ta lakata a bayan hannunta. Ta ga irinsa ya fi a ƙirga.

"'Yata, a cikin wannan akwai maganin asibiti mai ƙarfi, wanda ake ba mai ciwon fata ya shafa na 'yan kwanaki ya bari. Ke kin yi wata takwas a kai. Ya cinye miki kaurin fata, ita kuma ta saba da shi, shi ya sa take yi miki bore in kin daina."

"Sista, zan warke kafin biki?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Za ta fi haka muni kafin ta yi kyau, kuma farin nan zai tafi. In kika ci gaba da robar nan za ki fito fes a hoton biki. Bayan shekara ɗaya ko biyu ki dawo mini da baƙin kumatu, wanda ni da likitocin Shika sai dai mu ba ki haƙuri. Fuskar taki ce, ke za ki zaɓa."

Bahijja ta yi kuka mai isarta, sannan ta zuge jaka ta fito da wani ɗan madubi mai jan baki ta ajiye a kan tebur. Washegari ta tafi Shika da takardar Sista. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya tsara mata yadda za ta yaye fuskar a hankali, ya haɗa ta da man kare rana. Sista ta ƙara da nata: lema in za a fita, babu hoda, babu soso, kuma duk Alhamis a zo ta gani.

Mako na uku ya zo da duk abin da Sista ta faɗa, har da ƙari. Fuskar ta yi ja, tana saɓa, ga zafi. Bahijja ta daina zuwa shago, ta koma ɗinki a ɗaka. Duk Alhamis takan zauna a bencin ɗakin fuska ta ce ta gaji, Sista ta ce ta sani, ta ɗauke ta hoto da wayarta ta ƙi nuna mata, ta sallame ta da labarin mai man birki don ta yi dariya.

A mako na huɗu aka kawo lefe. Mata suka cika tsakar gida, ana buɗe akwati ana guɗa, ana ɗaga atamfa da leshi. Da aka zo kan akwatin kayan shafa, sai ga fararen robobi shida a jere, irin haɗin nan sak. Mata suka ce lallai dangin ango sun san kaya. Bahijja tana ɗaki aka kai mata labari. A fahimtarta an aiko mata da saƙo ne: ga yadda muke son amaryarmu.

Alhamis ta zo, benci ya cika ya watse, babu Bahijja. Sista ta tashi aiki ƙarfe biyu, ta buɗe lema, maimakon gida ta miƙe Tudun Jukun a cikin ranar nan. Ta sami Inna Hanifa a tsakar gida tana kwaɓa dilka. A ɗaki kuma ga Bahijja zaune a bakin gado, roba ɗaya a gabanta, an cire murfi, amma saman man bai nuna yatsa ba tukuna.

Inna Hanifa ta biyo ta ɗakin da hannu duk dilka.

"Sista, da girmanki da komai, kin mayar mini da yarinya abin tausayi. Ni nake gyara 'ya'yan mutane. A ce tawa ta fita haka, da wane ido zan kalli garin nan?"

"Hanifa, daga wuya zuwa tafin ƙafa naki ne. Ki yi dilka, ki yi halawa, ki turara ta har maƙwabta su yi tari. Fuskar kaɗai nake roƙo."

Bahijja ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Sista, Yusha'u ma haka yake so. Ga shi nan ya aiko."

"Da bakinsa ya gaya miki?"

"Ai ba sai ya faɗa ba."

Sista ta ɗauki murfin ta mayar a kan robar, amma ba ta tafi da ita ba. Wannan yana cikin halinta: madubi take ƙwacewa, ba ta ƙwace wa mutum zaɓinsa. Ta ce a ba ta kwana ɗaya kawai. Ta faɗa mana daga baya cewa a hanyar komawa ta yi ta fargaba, domin ta ga samari da yawa da suke cewa ba ruwansu da fari alhali idonsu yana can. In Yusha'u irinsu ne, ba ta san abin da za ta koma ta gaya wa 'yar Sumaiya ba.

Da safe ta ratse ta shagonsa. Kawunan keken ɗinki ne ko'ina, shi kuma yana tsugune da ɗan gwangwanin mai. Yana ganinta ya miƙe yana goge hannu, domin ita ta yi masa maganin makero yana aji uku, kuma wanda Sista ta taɓa wanke wa kai ba ya iya haɗa ido da ita har abada.

"Yusha'u, kai ka sa fararen robobin nan a lefe?"

"Waɗanne robobi, Sista? Ni ban ma ga cikin akwatin ba, yayyena ne suka haɗa. Tun watannin baya suka aika aka tambayi Inna lambar takalmin Bahijja da irin man da take shafawa, kamar yadda ake yi. Abin da aka faɗa musu suka sayo."

"To kai, yaya ka ga hasken da ta yi?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ashe ke ma kin lura. Wallahi Sista wata bakwai ke nan abin yana cina. Ina ganin jini ne ya yi mata ƙaranci. Na rasa yadda zan tambaye ta, kada ta ce ina ganin laifin jikinta. Shi ne duk Juma'a nake aika mata da gasasshiyar hanta, da ganyen ugu daga wajen Madam Ijeamaka mai kayan miya, don an ce yana ƙara jini. Amma kullum sai ƙara fari take yi. Yanzu kuma ta sa niƙabi, ko a zaure ba ta cirewa. Sista, in wani ciwo ne ki gaya mini, ni na shirya."

Sista Rakiya ta nemi benci ta zauna, ta yi dariya har tabarau ya zame. Wata bakwai yarinya tana cin hanta tana cewa soyayya ce, ashe jinya ake yi mata. Yusha'u ya tsaya yana kallonta bai gane ba, sai ya ciro waya ya nuna mata wani hoton Sallah na shekara uku da suka wuce: Bahijja a ƙofar shagonta, baƙa, tana dariya, tef ɗin awo a wuya.

"Ni wannan na gani na ce ina so."

"To ni ba 'yar aike ba ce. Bayan la'asar ka je ka faɗa mata da bakinka, har da maganar hantar, kada ka rage komai."

Abin da aka ce a zauren nan ba mu sani ba, kuma ba mu tambaya ba. Maƙwabta dai sun ce sun ji Bahijja tana dariyar da suka kwana biyu ba su ji ba. Alhamis ta gaba ta shigo ɗakin fuska da leda mai nauyi, robobi shida cif, babu wadda aka lakata. Inna Hanifa tana biye da ita, wai ta zo awon hawan jini ne. Da za su fita ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce, "Ni na faɗa musu inda ake sayen man, Sista. Na manta." Sista ta ce ai kowa yana mantuwa, ta tambaye ta ko dilkar ta yi laushi.

Ba za mu ce fuskar ta koma kamar ba a taɓa ta ba, don Sista ba za ta yafe mana ƙarya ba. Zuwa ranar kamu jan ya tafi, ƙurajen sun kwanta, amma akwai 'yan tabo a kumatun hagu da suka ɗauki wasu watanni kafin su shuɗe. Launin dai ya dawo. Da hantsin ranar Sista ta iso gidan biki da ankonta, ɗan madubi mai jan baki a cikin jaka. Ta sami amarya a ɗaki, lalle ya kama, jiki ya sha dilka yana ta ƙamshi, fuska kuwa babu komai sai kwalli. An ɗaura mata wani tsohon ɗankwali na mahaifiyarta da Inna ta adana a ƙasan akwati shekara goma sha bakwai.

Inna Hanifa ta shigo da kaskon turare. Kullum tana ganin yarinyar, amma ba ta taɓa ganinta da ɗankwalin nan ba. Ta tsaya cak a bakin ƙofa, hayaƙi yana tashi a gabanta, ta ce a hankali, "Yaya." Haka take kiran Sumaiya.

Sista ta ɓare filastar da ke bayan madubin ta miƙa wa Bahijja. Mako goma rabonta da ganin kanta. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta kai yatsa kusa da tabon sai ta tuna ta janye.

"Umma ce," in ji ta.

"Ita nake ta jira tun ranar da kika ɗaga niƙabi," in ji Sista.

Su ukun suka yi kuka, kwalli ya lalace, aka sake sawa. Da yamma kuma Inna Hanifa ce a tsakiyar fili tana nuna wa mata amarya tana cewa a duba da kyau, aikin hannunta ne. Sista tana gefe da farantin shinkafa, ba ta musa mata ba.

Ke ce, Sista, kika san cewa mai ƙurji a fuska ba ƙurjin kaɗai ke damunsa ba, shi ya sa ba ki taɓa ce wa kowa ai wannan ba komai ba ne. Ke ce kika bi yarinya har Tudun Jukun a tsakar rana, alhali babu wanda zai tuhume ki in kin wuce gida kin kwanta. Kin faɗa mana gaskiya lokacin da ƙarya ta fi daɗin ji, kuma kin iya faɗarta yadda mutum zai fita yana dariya. Uwar ɗakin fuska, mai leda da lema. Da yawanmu mun shiga wajenki muna sunkuyar da kai, muka fito muna gaisawa da mutane ido cikin ido.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi mata walimar sallama a harabar asibitin. Ba a gayyaci manya ba, amma kujeru suka kasa. Ishatu ta kawo ƙosai roba guda. Labaran ya rufe shago ya zo. Madam Ijeamaka ta zo da 'ya'yanta mata biyu da Sista ta raba da ƙurajen ƙuruciya. Inna Hanifa ta zo da amare uku da take shirin gyarawa, kowacce da ledarta, domin yanzu ba ta taɓa fuskar amarya sai an duba abin da take shafawa wata uku kafin biki, kuma in ka ji tana bayani sai ka rantse ita ta ƙirƙiro dokar.

Aka fito da durowar aka juye a kan tebur. Madubai sun fi sittin, wasu filastarsu ta yi ja don tsufa. Na waɗanda suka warke ne suka ci gaba da harkarsu, suka manta sun bar wani abu a baya. Aka riƙa kiran suna ana dariya, wata ta karɓi nata da ta bari tun tana budurwa, yau ga ta da jika a baya.

Can Bahijja ta taso, goye da 'yarta, Yusha'u yana daga nesa cikin maza yana sunne kai don an fara tsokanarsa da maganar hanta. Ta ciro ɗan madubin nan mai jan baki. Ta manna masa sabuwar filasta, ta rubuta Sista Rakiya.

"Shekara talatin da biyar kina kallon fuskokinmu. Yau ki duba ki ga wadda muke gode wa."

Sista ta karɓa, ta gyara tabarau, ta duba kamar yadda take duba kowa, daga goshi zuwa haɓa. Ta ce wannan tsohuwar ba abin da ke damunta, hutu kawai take so. Sai ta sa bakin hijabi ta share ido, Ishatu kuwa ta ce mata a dai wanke hijabin nan yau.

Mun gode, Sista. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya haskaka fuskarki ranar da haske yake da amfani. Ku kuma da kuka rage a bakin aiki, ma'aikatan jinya, masu kemis, masu aski, masu gyaran amare, da iyayen da ke haɗa lefe, ba a ce ku zama likitoci ba. Ku tambayi abin da ke cikin roba kafin ku miƙa wa 'yar mutane, ku tura asibiti abin da ya fi ƙarfinku, kuma ku gaya wa yaranku suna da kyau tun kafin wani ya sayar musu da akasin haka.

Ta bar tiren silba a ɗakin fuska don wadda za ta gaje ta. Ita kuma tana gida, ƙofarta a buɗe, ta ce kowa ya zo a gaisa. Mu da muka san hali dai, in za mu je, da ledarmu muke tafiya.